Kayan Jaruman Komik da Ƙaramin Kuɗi: Nasiha ga Matasa Masu Sha'awar Kosfile

Kosfile al'ada ce ta sanya tufafi da kwalliyar wani jarumi ko wata jaruma daga littattafan komik, ko fina-finan zane, ko wasannin kwamfuta, ta yadda duk wanda ya san labarin zai gane wanda ake kwaikwayo da kallo ɗaya, kuma a yau ta zama abin da ke tara dubban mutane a manyan tarurruka daga Tokiyo zuwa San Diyego har zuwa Legas. Komik kuwa shi ne littafin da ake ba da labari a cikinsa da jerin zane-zane masu ɗauke da gajerun maganganu, wanda Japanawa ke kiran nasu manga, su kira fim ɗin da aka yi da irin wannan zane anime. Yawancin matasan da sha'awar abin ta kama sun fara ganinsa ne a hotunan intanet, inda ƙwararru ke fitowa cikin sulke mai ƙyalli da hular gashi da kayan da aka narka wa kuɗi, sai mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka cewa fagen ba nasa ba ne, ko kuma, abin da ya fi muni, ya shiga cin bashi domin ya kamo waɗanda suka fi shi hali. Gaskiyar lamari kuwa ita ce kayan jarumi suna tsayawa ne a kan lura da haƙuri da aikin hannu, kuɗi shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ake buƙata.

Tarihin al'adar yana goyon bayan wannan magana. A shekarar 1939, lokacin da aka yi taron farko na duniya na masoya ƙagaggun labaran kimiyya a birnin Niyok, Forrest Ackerman da Myrtle Douglas sun halarta cikin tufafin mutanen zamani mai zuwa, kuma ita Myrtle ce ta tsara su ta haɗa su da kanta, tana koyi da wani fim da ya fito a 1936. Babban taron komik na San Diyego ya fara a 1970, kasuwar Comiket ta Tokiyo ta biyo baya a 1975, sannan a farkon shekarun 1980 wani marubuci ɗan Japan mai suna Nobuyuki Takahashi ya raɗa wa abin sunan da duniya ta san shi da shi yanzu. Gasar duniya da ake yi a birnin Nagoya tun 2005 ta ginu ne a kan sharaɗin cewa masu takara su ne za su haɗa kayansu da hannunsu, haka kuma taron komik na Legas da aka fara a 2012 ya buɗe wa matasan Nijeriya irin wannan fage. Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga tushen abin, domin a wasannin tashe na watan azumi yaro yakan liƙa auduga a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga, ya dogara sanda, nan take unguwa ta gane tsoho ake kwaikwayo. Bambancin shi ne mai tashe yana ɗauko mutanensa daga cikin al'umma, shi kuwa mai kosfile yana ɗauko nasa daga zanen da kamanninsa suka riga suka zauna a idon masu karatu, don haka ana auna aikinsa da yadda ya kusanci wannan zane.

Abin da ke sa a gane jarumi

Kafin a taɓa almakashi, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa kayan jaruman komik suke da irin fasalin da suke da shi, domin a nan ne hanyar rage kuɗi take. Lokacin da Superman ya fito a 1938, Batman ya biyo shi a 1939, ana buga littattafan ne a kan takarda mai arha da tawada kala huɗu kacal, kuma mai zane yana maimaita jarumin sau da yawa a kowane shafi cikin ƙurarren lokaci, saboda haka dole ta sa aka ba jarumai launuka masu ƙarfi irin ja da shuɗi da rawaya, da tufafi marasa tarkace, da tambari guda a ƙirji wanda ake hangowa daga nesa. Abin da wannan ya haifar shi ne kusan kowane jarumi ana gane shi da abubuwa uku, wato fasalin jikinsa idan an hango shi, da launukan da suka rinjaya a jikinsa, da alamar da ta keɓanta da shi. Flash jar riga ce mai farin da'ira da rawayar walƙiya a tsakiya. Batman baƙin jemage ne a ƙirji da kunnuwa biyu masu tsini. Luffy na labarin One Piece, wanda Eiichiro Oda ya fara a 1997, hular kaba ce mai jan ƙyalle da jar riga marar hannu da shuɗin gajeren wando da tabo a ƙarƙashin idon hagu. Naruto kuwa kaya ne ruwan goro da ɗaurin goshi mai farantin ƙarfe da zane uku a kowane kumatu. Matashin da ya samu waɗannan ukun daidai ya gama mafi yawan aikinsa, wanda kuma ya kuskure su ba zai gyara kuskuren da tsadar yadi ba.

Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa a cikin labaran kansu, domin jarumai da dama da hannunsu suka haɗa kayansu. A labarin farko na Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka fitar a 1962, Peter Parker ɗalibi ne marar kuɗi da ya yi wa kansa kaya a ɗakinsa. Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan wadda ta samu nata jerin littattafai da sunan Ms. Marvel a 2014, ta gyara kayan ninkaya masu rufe jiki ne ta mai da su kayan jarumta. A fim ɗin zane na Spider-Man na 2018 kuwa, Miles Morales ya fara da kayan kanti masu arha waɗanda ba su ma yi masa daidai ba, daga baya ya fesa wa wasu kayan baƙin fenti ya zana nasa tambarin. Saboda haka rigar da alamar aikin hannu ta bayyana a jikinta ba ta yi nisa da ruhin waɗannan labarai ba.

Daga nan sai zaɓen wanda za a kwaikwaya, kuma a wannan mataki ne yawancin masu farawa suke tuntuɓe, domin zuciya takan karkata ga jarumi mai cikakken sulke kamar Iron Man alhali hannu bai taɓa yanka kwali a miƙe ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma ma'anar wannan a nan ita ce a auna jarumi da gwanintar da ake da ita, da lokacin da ya rage, da yanayin garin da za a sa kayan. Mafi sauƙin farawa shi ne abin da masu harkar ke kira kosfile na cikin akwati, wato haɗa kamanni daga tufafin da mutum ya riga ya mallaka: farar shat da aka buɗe maɓallanta a kan shuɗiyar tishat mai tambarin Superman, da tabarau da lakatayi, sun isa su fito da Clark Kent a lokacin da yake rikiɗa zuwa Superman. Bai kuma zama dole a tsaya ga jaruman Amurka da Japan ba, domin kamfanin Comic Republic na Legas yana da irin su Guardian Prime, Roye Okupe kuma ya ƙirƙiri Malika, sarauniyar yaƙi wadda tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya zaburar da shi wajen tsara ta, kuma irin waɗannan jarumai sun fi kusa da yadi da fata da duwatsun adon da ake samu a kasuwannin gida.

Lissafi da neman kaya

Bayan an tsai da jarumi, abu na gaba shi ne a tara hotunansa ta gaba da ta baya da ta gefe, a zauna da takarda a rubuta kowane yanki na kayansa daga kai zuwa ƙafa, sannan a raba jerin kashi uku, abin da ake da shi a gida, da abin da za a iya ara ko a gyara, da abin da ba makawa sai an saya. A tsai da iyakar kuɗin da ba za a ƙetare ba tun kafin a shiga kasuwa, a kuma ware wani abu daga ciki domin ɓarna, tunda da wuya gwajin farko ya fita ba tare da an lalata wani ƙyalle ko wata roba ba. Mafi yawan kuɗin ya dace ya tafi ga yankin da ido ke fara sauka a kai, kamar tambarin ƙirji ko hula, takalmi da bel kuwa sukan wuce ba tare da kowa ya ƙura musu ido ba muddin launinsu bai saɓa ba. Ya kamata a lura cewa lokaci yana maye gurbin kuɗi a wannan aiki, domin wanda ya fara watanni biyu kafin taro yana da damar zagaya kasuwa har ya samu abin da yake so a kan farashin da zai iya, wanda kuma ya fara saura mako guda zai sayi duk abin da ya gani a kan duk abin da aka ce masa.

Kasuwar gwanjo ita ce babbar abokiyar mai ƙaramin kuɗi, da sharaɗin ya shige ta yana neman launi da irin yadi, ya kawar da kai daga ɗinkin da aka yi wa tufar, domin ɗinki ana warware shi a sake. Gara a sayi wadda ta yi yawa a kan wadda ta yi kaɗan, tunda ragewa tana da sauƙi, ƙari kuwa yakan bar tabo. Tsohon labule da zanen gado suna ba da yadi mai faɗi wanda ya isa mayafin da jarumai ke ratayawa a kafaɗa, tsohuwar jakar fata tana ba da bel da aljihuna, teloli kuma sukan tara ragowar ƙyallaye waɗanda suka wadatar da tambari da ɗaurin goshi. Yana da amfani a riƙe hoton jarumin a waya a gwada launi da shi a hasken rana, saboda fitilar cikin shago takan sauya kalar yadi, sai an dawo gida a tarar ja ya koma ruwan hoda.

Yadda ake fitar da tambari a kan riga

Tishat mai tambari ita ce ginshiƙin kosfile mai arha, kuma hanyar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ta sitansil, wato takarda mai kauri ko siririyar roba da aka yanke siffar tambarin a tsakiyarta domin fenti ya bi ta ramin ya sauka a kan yadi. Ana farawa da zaɓen rigar auduga a wanke ta a shanya, saboda sabon yadi yana ɗauke da sitacin masana'anta wanda ke hana fenti kamawa, kuma yakan tsuke bayan wankin farko. Idan tambarin yana da gefe biyu masu kama da juna, kamar jemagen Batman, sai a ninke takarda biyu a zana rabi a yanke, idan an buɗe ɓangarorin za su fito daidai wa daida. Idan kuma ƙaramin hoto ake son girmamawa, sai a ja masa layukan murabba'i, a ja irinsu manya a wata takarda, a kwafi abin da ke cikin kowane gida zuwa takwaransa. Duk yankin da ke tsakiyar siffa wanda ba a so fenti ya taɓa, dole a bar masa siraran gadoji da za su riƙe shi ga sauran takardar, in ba haka ba zai faɗo tare da abin da aka yanke.

Idan sitansil ya kammala, sai a zura kwali a cikin rigar domin kada fenti ya ratsa zuwa baya, a shimfiɗa ta ba tare da an ja ta ba, a nemo tsakiyar ƙirji ta hanyar ninke rigar a tsaye a yi alama da alli, sannan a manne sitansil da salatif ta kowane gefe. Fentin da aka yi domin yadi shi ne mafi kyau. Idan ba a samu ba, fentin akirilik na masu zane yana aiki, sai dai shi kaɗai yakan bushe da tauri ya tsattsage, don haka ake gauraya shi da ruwan da ake sayarwa musamman domin tausasa shi a kan yadi. Ana tsoma guntun soso a fentin, a dangwala shi a wata takarda har ya kusa bushewa, sannan a riƙa dannawa sama da ƙasa a kan ramin, domin shafawa gefe da gefe ko cika fenti su ne ke tura shi ƙarƙashin takarda su ɓata bakin zanen. Shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya sha iska kafin a ɗora na gaba, sun fi guda ɗaya mai kauri ƙarko da kyan gani, kuma idan rigar baƙa ce ko ja, sai an fara shimfiɗa farin fenti kafin rawaya ta fito da haskenta. Bayan kwana guda da bushewa, a rufe zanen da wani ƙyallen auduga a bi shi da dutsen guga mai zafi na 'yan mintoci domin fentin ya zauna, daga nan kuma a riƙa juya rigar ciki waje duk lokacin da za a wanke ta.

Wanda ya iya riƙe allura yana da wata hanya da ta fi fenti daɗewa, wato ya yanke tambarin daga ƙyalle mai launin da ake so ya ɗinka shi a kan rigar, launi bisa launi, yana farawa da na ƙasa. Rini kuma yana da amfani idan an samu riga mai kyau amma kalarta ba ta dace ba, da sharaɗin a san cewa rinin da aka saba da shi yana kama auduga ne, yadin roba irin foliyesta ba ya shan sa, kuma rini yana duhunta launi, ba ya haskaka shi. Akwai masu fitar da zane a kan baƙar riga da ruwan bilic, wanda ke cinye baƙin ya bar launi mai kama da tsatsa; wannan yana buƙatar safar hannu da fili mai iska da ɗauraya sosai, kuma ba a taɓa haɗa bilic da wani sinadarin wanki, saboda haɗin yana iya fitar da iska mai guba.

Sulke da mayafi da abin rufe fuska

Sulken da ake gani a hotuna kamar ƙarfe, mafi yawansa roba ce mai laushi da ake kira EVA, irin wadda ake yin silifa da tabarmar motsa jiki da ita, kuma ana samunta da kauri daban-daban, daga milimita 2 na ado zuwa milimita 10 na manyan faranti. Sulken hannu, wanda ke rufe daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, shi ne darasin farko da ya dace. Ana naɗe hannun da leda ba tare da matsewa ba, a rufe ledar da salatif, a zana siffar da ake so a kai, sannan wani ya taimaka a yanke shi a hankali da almakashi marar tsini; abin da ya fito, idan an baje shi, shi ne ma'aunin da za a kwafa a takarda, a ƙara masa ɗan faɗi saboda kaurin robar. Ana yanka robar da reza mai kaifi a ja ɗaya, a sauya rezar da zarar ta fara yagar baki, sannan a ɗumama yankin da na'urar hura iska mai zafi har ya yi laushi, a lanƙwasa shi a kan kwalba a riƙe har ya huce, domin a siffar da ya huce a ita zai zauna. Gam ɗin masu gyaran takalmi shi ne ya fi riƙe ta, kuma ana shafa shi a fuskokin biyu a jira ya daina jiƙa yatsa kafin a haɗa, tunda da zarar sun haɗu ba sa gyaruwa. Robar tana shan fenti, saboda haka ana fara rufe ta da shafi biyu ko uku na farin gam ɗin kafintoci da aka ɗan sirka da ruwa, kuma idan ana son kamannin tsohon ƙarfe sai a fente ta baƙi, a bi gefuna da busasshen buroshi mai ɗan fentin azurfa.

Inda robar ta gagara, kwali yana yin garkuwa da faranti masu faɗi, musamman idan an liƙa biyu ta yadda layukan cikinsu suka gitta juna, takardar jarida da aka jiƙa da kokon sitaci aka jera shafi bisa shafi kuma tana yin hular kwano da abin rufe fuska idan an bar ta ta bushe sarai. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin ba ya jure fentin fesawa, domin sinadarin cikinsa yana narkar da shi. Mayafin kafaɗa kuwa ya fi zuba da kyau idan an yanka shi rabin da'ira, wanda ake samu ta hanyar ɗaura alli a bakin zare mai tsawon da ake so a zagaya shi a kan yadin, kuma a kafaɗun riga ake maƙala shi, ba a ɗaura shi a wuya, domin idan wani ya taka shi a cunkoso ya ɓalle ya faɗi kawai. Duk abin da aka haɗa, a sa shi a gida na tsawon awa guda kafin ranar taro, a zauna da shi, a hau matakala, a ɗaga hannu, domin a nan ne ɗinkin da zai farke da gam ɗin da zai saki suke bayyana.

Lafiya da mutunci da gaskiya

Arha ba ta zama uzurin wasa da lafiya ba. Gam mai ƙarfi da fentin fesawa da robar da aka ɗumama duk suna fitar da tururi mai cutarwa, don haka a waje ake aiki da su, kuma ba a kusantar da gam ko fenti ga wuta. Fentin takarda da na yadi ba na fata ba ne. Abin da za a shafa a fuska dole ya zama wanda aka yi domin fuska, a kuma gwada shi a bayan hannu tun kwana guda kafin lokaci. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido domin sauya launinta, idan an saye shi a kan titi ba tare da gwajin likitan ido ba, yana iya jawo ciwon da zai taɓa gani, kuma babu kamannin da suka kai wannan farashi. A ƙasashe masu zafi, roba da yadin foliyesta suna tare gumi, saboda haka a bar wa sulke ƙofofin iska, a sa auduga a ƙarƙashi, a yawaita shan ruwa. Makaman wasa a yi su da roba ko kwali ta yadda kowa zai ga na wasa ne, domin masu shirya tarurruka suna bincikar su a bakin ƙofa, kuma a wurin taro kaɗai ake fito da su tare da abin rufe fuska, a kan hanya kuwa suna cikin jaka. A Nijeriya doka ta hana farar hula sanya kakin soja ko na 'yan sanda, saboda haka jarumin da kayansa suka yi kama da waɗannan gara a bar shi.

Ta fuskar mutunci, babu wata ƙa'ida da ta tilasta wa mai kosfile ya bi zanen har inda ya saɓa wa tarbiyyarsa. A Malesiya da Indunusiya akwai 'yan mata da yawa da ke yin kosfile da hijabi, suna naɗa shi da launin gashin jarumar har ya ɗauki siffarsa, suna tsawaita riga da hannu, kuma ana gane wadda suke kwaikwayo saboda launi da tambari suna nan. Haka nan ba a sauya launin fata domin a yi kama da wani jinsin mutane, abu ne da masu harkar suke ƙyama, kuma baƙar fata ba ta hana kowa zama Superman ko Naruto. Duk alama ko rubutun da ba a san ma'anarsa ba a bincika kafin a ɗora shi a ƙirji, domin wasu suna da alaƙa da addini ko da ƙungiyoyin da suka yi ɓarna a tarihi. Ba a ɗaukar hoton wani ko taɓa kayansa sai da izininsa, ba a kuma raina wanda ya zo da kwali alhali wani ya zo da sulke. Wanda ke ƙarƙashin kulawar iyaye ya sanar da su abin da yake yi da inda za shi, kuma kada kuɗin makaranta ko lokacin karatu su shiga cikin lissafin riga.

Gaskiya ma tana da gurbinta a nan. Sayen kaya ko kai wa tela ba laifi ba ne, amma shiga gasar aikin hannu da abin da wani ya haɗa yaudara ce, kuma alƙalan irin wannan gasa sukan juya tufa su duba cikin ɗinki su tambayi yadda aka yi kowane yanki. Sannan tamburan jarumai mallakar kamfanoni ne irin Marvel da DC. Sun saba kawar da kai ga wanda ya yi riga domin kansa, amma buga tamburan da yawa domin sayarwa shiga haƙƙinsu ne, don haka mai son ya mai da gwanintarsa sana'a gara ya sayar da aikin hannunsa da zanen da ya ƙirƙira da kansa.

Wannan gwaninta kuwa tana da kasuwa, domin awo da yanka da haɗa launi da sarrafa roba su ne abubuwan da masu shirya fim da wasan kwaikwayo suke nema a ko'ina, har da masana'antar fina-finan Hausa. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin fim ɗin Black Panther bayan ta yi nazarin suturar al'ummomin Afirka irin bargunan Basotho da aikin duwatsun Masai, ta samu lambar Oscar a 2019 ta sake samu a 2023, kuma aikinta ya tsaya ne a kan bincike da lura, waɗanda su ne ake nema daga mai tishat guda da soso. Saboda haka abin da ya dace da mai farawa shi ne ya ɗauki aiki ƙarami ya kai shi ƙarshe, ya rubuta abin da ya kashe da inda ya yi ɓarna, ya adana sitansil da ma'aunan takarda a cikin ambulan mai ɗauke da sunan jarumin. Wanda ya gama riga guda mai tsabtar aiki zai tarar ta biyu ta zo masa da sauƙi da arha fiye da ta farko, domin almakashi da reza da ragowar fenti suna nan, kuma ya riga ya san kurakuran da ba zai sake biyan kuɗinsu ba.